Kofin Farko na Gidan Garnero

Kai da ka kwance jan zaren da ya ɗaure wasiƙun nan, ko jinin gidan nan ne kai ko aure ya kawo ka, nemi wuri ka zauna tukuna. Kada ka tsallaka ƙarshe don ka ga ko wani ya mutu. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda suka zo mini, don ka ji abin da na ji. Ni ce Domitilla, matar marigayi Anselmo Garnero, wanda ya fara dafa ruwan ɗaci a tukunya ɗaya a ƙauyenmu na Pratalto. Fulvio ɗanmu ne, shi ya yi karatun haɗa sinadarai ya mai da ruwan ubansa lemon kwalba a Torino. Nives matarsa ce, Ilde 'yarsu. Ban gyara ko kalma ɗaya ba, har a wasiƙar da na fi jin nauyinta.

Torino, 9 ga Oktoba, 1950

Mama,

Ina gaishe ki, da fatan gwiwar nan ta sake ki. Mu nan lafiya lau. Nives ta warke daga mura, Ilde kuma ta zubar da haƙora biyu, tana bin kowa tana nuna masa giɓin.

Buhu shida na saiwar genziana sun iso, na gode. Kamar kullum, babu irinta. Amma Mama, shida ba za su kai ni ko'ina ba yanzu. Ginin sabuwar masana'anta ya kusa ƙarewa. Injin da na sayo yana cika kwalba dubu uku a awa ɗaya. Masu shaguna daga Genova har Milano suna tambayar lemon Garnero, ni kuwa abin da ke ba shi ɗacinsa yana zuwa mini a bayan alfadari ɗaya. Buhu arba'in nake bukata kafin Kirsimeti.

Na san ku mata bakwai ne kawai ke haƙa. Ki ƙara mutane. Dutsen cike yake da ita, da idona na gani tun ina yaro. Ba sai an tsaya ɗaure-ɗauren zare ba, a hau kawai a haƙo kafin ƙasa ta daskare.

Ki gaida Fada Eligio. Ki daina hawa dutsen da kanki, don Allah.

Ɗanki,
Fulvio

Pratalto, 18 ga Oktoba

Fulvio,

Na amsa gaisuwarka. Gwiwa tana nan inda ka bar ta. Ka ce wa Ilde ta daina tura harshe a giɓin, haƙoran za su fito a karkace.

Buhu arba'in ba za ka samu a wurina ba, ko bakwai ba za ka samu ba. Tun da Dakta ya manta dalilin zaren, bari jahilar uwarsa ta tuna masa.

Tsiro biyu ne a dutsen nan, makwabtan juna, kuma kamarsu ɗaya. Genziana ganyenta biyu-biyu ne, suna fuskantar juna, furenta rawaya. Veratro ganyensa ɗaya bayan ɗaya yake hawa, kamar matakala. Na farko yana buɗe ciki, na biyu yana tsayar da zuciya. A watan Yuli, lokacin da ganye da fure ke faɗin gaskiya, muke hawa mu ɗaura jan ulu a kan kowace genziana. Idan kaka ta yi, abin da ke da zare kaɗai muke haƙa. Yanzu sanyi ya riga ya ƙone ganyen. Abin da ya rage a dutsen kara ne busasshe, ko ni ba zan rantse a kansa ba.

Ba ka san kawunka Pio ba sai a hoto. Ya dawo daga yaƙin farko da ransa, ya hau dutse a watan Nuwamba ya haƙo saiwa don ya yi wa abokansa jiƙo. Ni na riƙe masa turmi yana dakawa, muna ta atishawa muna dariya. Da azahar ya sha, kafin a kaɗa ƙararrawar yamma mun rufe masa ido. Shekarunsa ashirin da uku.

Idan injinka ya fi dutse sauri, injin ne zai jira. Ubanka bai taɓa sayar da abin da bai ga ganyensa ba.

Uwarka

Torino, 12 ga Disamba

Mama,

Gaisuwa mai yawa. Ki yi haƙuri da shirun da na yi, aiki ne ya sha kaina. Kowa lafiya. Nives ta aiko miki da mayafin ulu, tana roƙon ki yafa shi, kada ki adana a akwati kamar na bara.

Labarin Kawu Pio na san shi, kin ba ni shi ya fi sau ɗari. Amma shi da turmi ya yi aiki, ni kuwa ina da ɗakin gwaji da mutum uku a ciki. Na gane abin da ke damunki, Mama: kina ganin idan na sayi saiwa a wani wuri, an daina bukatarki. Ba haka ba ne. Taki ita ce ta farko har gobe.

An haɗa ni da wani dillali mai suna Baldo. Ya kwashi lebura daga gonakin shinkafa, tun da aikinsu ya ƙare, ya kai su duwatsun da ke bayan naku a watan jiya. Buhu talatin da biyar ya kawo, a yanke, a bushe, tsaf. Na auna ɗacinta, na auna danshinta, na duba ko da fumfuna. Komai daidai.

Ga labari mai daɗi. Za mu buɗe masana'antar ranar uku ga Fabrairu, ranar Waliyyi Biagio, da ake sa wa maƙogwaro albarka. Wace rana ta fi ta dacewa da mai sayar da abin sha? Za a zo da 'yan badujala da mai ɗaukar hoto na jarida. Kofin farko na sabuwar dahuwa kuma Ilde ce za ta sha a gaban jama'a, a kofin kwanon nan na Baba. Nives tana ɗinka mata farar riga. Ki zo, zan turo mota.

Fulvio

Pratalto, 3 ga Janairu, 1951

Fulvio,

Barka da sabuwar shekara. Mayafi ya iso, ka yi wa Nives godiya. Tarin da nake yi ya ragu.

Maganar Baldo na riga na faɗi tawa. Mutumin da ya saba tsayawa cikin ruwan shinkafa aka tura dutse a watan Nuwamba, ana biyansa bisa nauyin buhu. Ka zauna ka yi tunani a kan wannan. Kuma ka cire wa ranka cewa kishi nake da buhunan wani. Shekaruna sittin da takwas, da na huta da hawan dutse ai da na gode.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Kofin farko za ka ba yarinya don jarida? Kunya ba ta kama ka ba lokacin da kake rubutawa? Ka ɗauka ubanka yana shan kofin farko ne don ƙishirwa? Duk dahuwar da ya sauke, kafin ya tsinka ta da ruwa, sai ya ɗebi mai kaurin ya shanye, ya zauna a bakin ƙofa awa guda. Idan mai saye ya zo ya ce, "Anselmo, sauri nake," sai ya ce masa, "To je ka, ni ina jiran in ga ko zan mutu." Mutane su yi dariya. Shi ba wasa yake ba. Wanda zai ci ribar abu shi ke fara sa cikinsa a gaba. Wannan ba ado ba ne da za a sa wa farar riga.

Kofin nan naka ne. Ka sha shi da bakinka, mai kaurin, kamar ɗan Anselmo. Idan ba za ka iya ba, ka cire sunansa daga kwalbar. Motarka kuma ka riƙe ta, ba zan zo in tsaya ina tafi ba.

Uwarka

Torino, 17 ga Janairu

Mama,

Ina fatan kina cikin ɗumi. An ce ƙanƙara tana zuba sosai a wajenku, ki sa a share miki rufin. Mu lafiya.

Wasiƙarki ta zo, na karanta, Nives ma ta karanta ta yi kuka, don ta gama rigar har da ƙananan furanni a wuya. An riga an buga sunan Ilde a katin gayyata. Maganar kofi dai za mu gani. Ba na son mu yi faɗa a kan kwano.

Bari in ba ki dariya. Tun Litinin muke niƙa saiwar Baldo, kuma duk ɗakin niƙa ya zama gidan atishawa. Tullio, babban ma'aikacina, ƙato ne kamar ƙofar coci, jiya na ƙirga masa goma sha tara a jere. Ya share hawaye ya ce, "Dakta, ko dai barkono ka sayo mana? Matata ta ce in na ƙara tada mata jariri da hancin nan, a masana'anta zan riƙa kwana." Na ce sabon inji ne, ya fi tsohon laushin niƙa. Na sa sun ɗaura ƙyalle a hanci. Gobe za a jiƙa garin, kwana goma sha shida cif, ya yi daidai da ranar biki.

Har yanzu motar tana nan idan kin sauko daga fushin.

Fulvio

Pratalto, 22 ga Janairu

Fulvio,

Ba gaisuwa yau. KADA KOWA YA SHA. Genziana ba ta sa atishawa. Shekara hamsin ina daka ta. Sau ɗaya na yi atishawa a kan turmi, ranar Pio. Akwai veratro a buhunan nan. Ka fasa guntayen ka duba: tamu rawaya ce a ciki, wancan fari ne. Ka rufe tankin, ka sa kwaɗo, ka riƙe makullin a aljihunka.

23 ga wata. Wasiƙar tana kan tebur. Jiya bayan mai kai wasiƙu ya ajiye mini taka ya juya, dusar ƙanƙara ta zaftaro daga dutse ta binne hanya a wajen gada, ta tafi da turakun waya. Na je gidan waya na ce a buga maka telgiram. Rosina mai aiki a wurin ta ɗaga kan wayar ta miƙo mini ta ce, "Saurara da kanki, Domitilla. Ko kabari ya fi shi surutu."

26 ga wata. Maza biyu sun yarda su gwada sauka. Na ɗinke wasiƙar a cikin rigar ɗaya. Da rana tsaka suka dawo, ɗaya na ɗauke da ɗaya, ƙafa ta karye. Ban iya kallon matarsa ba.

29 ga wata. Na ɗaura takalman ubanka na fita da sanda. Fada Eligio ya tare ni a bayan coci.

"Ina zuwa haka, Domitilla?"

"Torino."

"Da wannan gwiwar? Ko gada ba za ki kai ba. Sai bazara mu tono ki."

"To ku tono ni da wasiƙar a hannu."

"Wa za ta amfana a lokacin? Shigo ki yi addu'a."

Na ce masa, "Fada, faɗa mini abin da zan roƙa." Ya karɓi sandar ya raka ni gida.

Ga abin da na kasa faɗa wa kowa sai takarda. Idan ka yi mini taurin kai yadda ka saba, Ilde ce za ta ɗaga kofin nan, da farar riga, da giɓinta. Idan kuwa ka ji maganata, sau ɗaya a rayuwarka, kai ne za ka sha, kuma mai kaurin, domin ni na ce mai kaurin. Da hannuna na rubuta, har na ja layi a ƙarƙashi. Tun kana cikin zani nake roƙon Allah ya sa ka zama mai biyayya. Yau na durƙusa ban san ko in roƙa a karɓa ko a mayar mini ba.

2 ga Fabrairu. Har yanzu ƙanƙara tana zuba. Na dafa tuwon masara na kasa ci, na ba kaji.

3 ga wata. An yi albarkar maƙogwaro da safe. Fada ya gicciya kyandir biyu a wuyana. Katin gayyatarka ya ce ƙarfe goma sha ɗaya. Na zauna gaban agogo har ya buga. Yanzu koma mene ne, ya riga ya faru. Ni kaɗai ce ban sani ba.

Torino, 8 ga Fabrairu

Mama,

Nives ce. Ina gaishe ku. An ce gobe sojoji za su buɗe hanyarku, shi ya sa nake sauri. Ku zauna kafin ku ci gaba. Yana da rai. Ilde kuma ko ɗigo bai taɓa bakinta ba.

Ranar bikin da safe ina yi wa Ilde kitso, sai na ga ya ɗauko kofin Baba daga kabad yana sawa a aljihun kwat. Na ce, "Ina za ka da shi? Na yarinya ne." Ya ce, "Za ta sha na biyu, mai hoto ba zai gane ba." Na ce, "Wato tsohuwa ta yi nasara." Ya yi dariya ya ce, "Nives, idan na bar yarinyar nan ta riga ni, matar nan za ta yi ta rubuto mini wasiƙa har in mutu, in an binne ni kuma ta aiko wa kabarin." Ilde ta ce, "Baba tsoron Kaka yake ji!" Ya ce, "Ke ma za ki ji, bari ki girma."

Ƙarfe tara muka same shi a masana'anta. Tullio ya ce a gabansa ya ɗebi mai kaurin daga tanki ya shanye, ya yamutsa fuska, ya ce ɗacin yana ƙona harshe. Sannan ya jawo kujera bakin ƙofa ya zauna, ya ce zai yi awa ɗaya irin ta ubansa. Ma'aikata suna ta tsokanarsa.

Bai kai rabin awa ba. Ina tsaye ina gyara wa Ilde wuyan riga na ji kujera ta faɗi. Amai, gumi kamar an zuba masa ruwa, leɓɓansa sun yi fari. Na kama hannunsa ina neman bugun jini, sai in ƙirga har uku kafin in ji ɗaya. A waje 'yan badujala sun fara gwada ƙahoninsu, an jera kofuna ɗari biyu a kan tebura, yara sun fara taruwa a bakin ƙofar waje. Ya damƙi rigar Tullio ya jawo shi ƙasa, da ƙyar muka ji abin da yake cewa: "Atishawar nan. Pio. Rufe ƙofa." Tullio ya ruga ya kife teburan da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, baƙi suna kallonsa kamar mahaukaci.

Likita ya yi masa allura biyu kafin a kai shi asibiti. Kwana biyu ba a ce mana komai ba. Da Fulvio ya farfaɗo, likitan ya dubi Ilde a bakin gado ya tambayi shekarunta. Na ce bakwai. Ya cire tabarau yana gogewa.

Jiya ya sa aka kawo masa ragowar buhu ɗaya har gadon asibiti, yana fasa guntaye da wuƙa. Kusan ɗaya cikin goma fari ne a ciki. Ya ce duk awon da ya yi gaskiya ne, sai dai bai nemi wannan ba, don haka bai gan shi ba. An zubar da tankin duka a gaban hukuma, an ƙone buhunan. Masu shaguna da yawa sun janye. Bai damu ba tukuna.

Bai samu ƙarfin rubutu ba tukuna. Ya ce in tambaye ku ko kuna fushi. Ya ce kuma in tambaya, a wane sati na Yuli ake ɗaura zaren.

'Yarku,
Nives

Pratalto, 11 ga Fabrairu

Fulvio,

Na gode wa Allah da ya bar mini kai. Ka ci abin da aka ba ka, kada ka yi wa masu jinya gardama. Ka gaida Nives, ta yi abin da ya kamata. Ka ce wa Tullio akwai cuku guda a nan da sunansa.

Mai kai wasiƙu ya hau da ta Nives, zai sauka da wannan tare da wadda ta kwana ashirin a teburina. Ka karanta ta duka.

Ka tambaya ko ina fushi. Ina yi. An faɗa maka a watan Oktoba, an maimaita a Janairu, ka ce kishi ne. Kofuna ɗari biyu, Fulvio. 'Ya'yan mutane. Wannan za ka ɗauke shi har ƙarshen ranka, kuma daidai ne ka ɗauka.

Nawa kason kuma ni zan ɗauka. Na ji sunan Baldo, na san watan da aka haƙa, amma na ɓata tawada a kan kunya da farar riga, na tura ka ga tankin da nake zargi. Da na hau motarka tun farko na zo na fasa guntu ɗaya da farcena, da ba a kai nan ba. Girman kai ya zaunar da ni. Ban saba faɗin irin wannan ba, kada ka sa ran ji na biyu.

Sati na biyu na Yuli ake ɗaura zare. Za ka zo da kanka, da Ilde, da mutanen ɗakin gwajinka su uku, kowa da takalmin hawa. Idan dutse ya ba da buhu shida, lemon buhu shida za ka yi.

Ga dokar gidan nan daga yau, ka sa a rubuta a bangon masana'anta. Saiwar da ɗan gidan nan bai ga ganyenta a tsaye ba, ba ta shiga ƙofa. Kofin farko kuma ba na yaro ba ne, ba na mai 'ya'ya ƙanana ba ne. Na wanda ya fi kowa tsufa a gidan ne. Ka turo motar duk ranar da aka sauke dahuwa, ka ajiye mini kujera a bakin ƙofa. Muddin ina numfashi, ni zan sha.

Uwarka,
Domitilla